Jegon da Ya Kai Mu Birmingham

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a gidan suna, har a layin awon hawan jini sai an tare ni: "Malama Binta, yaya ƙasar Turawa?" Ni kuwa amsata ɗaya ce, lafiya lau, sai sanyi. Har wasu suka fara cewa rowar labari nake yi. Gaskiyar magana, labarin ba nawa ba ne ni kaɗai, na ƙanwata Hafsatu ne, kuma sai kwanan nan ta ce mini a waya, "Yaya, ki faɗa musu kawai. Na gaji da ɓoyo." To ga shi, yadda na gan shi.

Hafsatu ce autarmu, ni na ƙarasa renonta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta karanta haɗa magunguna, ta auri Bashir, akanta ne, aiki ya kai su Manchester. Da ta yi haihuwar fari aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyarmu, muna kiranta Ummi. Ban samu zuwa suna ba saboda makarantar da nake koyarwa. Ana gab da arba'in sai Bashir ya kira ni. Bayan gaisuwa ya shiga maganar da ta sa ya kira.

"Yaya, in da hali ki zo," ya ce. "Hafsatu ba ta da lafiya. Amma ba ciwon jiki ba ne."

Ban tambaye shi ciwon mene ne ba. Washegari na nemi hutu, na shiga neman biza.

Kafin na tashi ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: kada in kuskura in ce wa jami'an shige da fice na zo reno. A wurinsu reno aiki ne, bizata kuwa ta ziyara ce, suna iya mayar da ni a jirgin da ya kawo ni. Wannan magana ta tsaya mini a rai tun daga Kano har Alƙahira inda muka sauya jirgi. Ni ba na son ƙarya, kuma ban san yadda mace za ta je gidan ƙanwarta mai jego ta naɗe hannu ba.

A Manchester wata Baturiya ce ta karɓi fasfona. Ta dube shi, ta dube ni, ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce na zo ganin ƙanwata da ta haihu.

"Wa zai riƙa kula da jaririyar?"

"Uwarta," na ce.

Ta ɗan jima tana kallona.  Daga ƙarshe ta buga hatimi. Na wuce ina hamdala, ban san amsar da na ba ta ita ce ainihin abin da ya gagara a gidan da zan sauka ba.

A wurin duba kaya wani kare ya liƙe wa jakata saboda daddawa. Suka zazzage komai a kan tebur: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, garin kunu, kilishi. Kilishin suka ce ba ya shiga ƙasarsu, suka jefa shi a wani bokiti ina kallo. Kanwa ce ta fi ba su tsoro. Wani ya sa safar hannu ya ɗaga ta yana juyawa. Na yi bayani da iyakar Turancina cewa a kunu ake sakawa don mai shayarwa. Suka tafi da ita wani ɗaki, ni kuwa ina tsaye ina tunanin yadda za a ji a Kano cewa an kama Malama Binta da ƙwaya. Can suka dawo da ita a leda, suka ce in tafi.

Bashir na jirana a waje. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. A mota muka yi ta gaisuwa muna maimaitawa, kowa na gudun ya fara maganar.

Suna zaune a Salford, gefen Manchester, a wani dogon bene kusa da ruwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin. Ƙofofi a jere, kowace a rufe, ba ka jin ko kukan yaro. A gida mai jego ba ta rasa mutane: wannan ta dafa ruwan wanka, waccan ta dama kunu, wata ta karɓi jariri don uwar ta runtsa. A can na tambayi Bashir ko maƙwabta sun shigo barka. Ya ce wata tsohuwa ta turo kati ta ƙarƙashin ƙofa, shi ke nan.

Hafsatu ta rungume ni. Gidan tsaf, ita ma tsaf, har da kwalli. Da ban san ta ba da na ce lafiyarta ƙalau. Amma na lura duk labulen a sauke suke da rana tsaka. Na lura idan Ummi ta yi kuka, Hafsatu sai ta zauna a tsakiyar gado, ta jera matasai kewaye da ita, sannan ta ce a miƙo mata ita. Tana gama shayarwa za ta ce, "Yaya, karɓe ta." Ba ta taɓa ɗaukarta a tsaye ba. Da na nemi wuƙar yanka albasa, Bashir ya fita ya ɗauko mini ita daga cikin motarsa.

Ni da tunanin gida na zo. Na ce iska ce, ko kambun baka. Na yi tofi a ruwa na ba ta, na kunna karatu a ɗakin, na sa ta azkar safe da yamma. Ta yi duk abin da na ce ba musu. Gwaggonmu ta kira daga Kano ta ce za ta aiko da rubutu in an sami mai zuwa. Kunun kanwa ya sa ta ɗan ci abinci, amma idonta bai canza ba.

Wata rana da hantsi, Bashir ya tafi aiki, ina yi wa Ummi wanka a roba, na ce, "Zo ki riƙe mini ita in ɗauko tawul." Sai ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Me zai hana? 'Yarki ce fa."

Ta zame ta zauna a ƙasa. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "In na ɗauke ta kusa da ruwa, sai in ga kamar na danna kanta ciki. In na je kusa da taga, sai in ga na sake ta. Ba na so, wallahi ba na so. Amma hoton ba ya barin kaina. Yaya, ni wace irin uwa ce?"

Na naɗe Ummi da zanen jikina, na zauna kusa da ita.  Ba zan ɓoye ba, daga ranar ban ƙara barin su su biyu a ɗaki ba.

Sai a lokacin na fahimci rigimar da ke tsakaninta da mijinta. Hanyoyi uku ne a gabansu. Ta farko asibitin gwamnati, wanda kyauta ne. Sun je wurin likitan unguwa, wanda suke kira GP, amma Hafsatu ba ta faɗa masa gaskiya ba, cewa kawai ta yi ba ta barci kuma tana yawan kuka. Ya sa sunanta a layin masu jiran ganin mai maganin damuwa, irin wanda ake zama da shi a yi ta magana. Layin kuwa na watanni ne. Shekarun tsuke bakin aljihu ne a ƙasar, gwamnati na rage kashe kuɗi ta ko'ina. Ko cibiyar da masu jego ke haɗuwa a unguwarsu an rufe ta kafin Hafsatu ta haihu. Na ga ginin da idona, da kwaɗo a ƙofa.

Hanya ta biyu inshorar da wurin aikin Bashir ya yi musu. Su za su biya, kuma ba dogon jira. Amma sai likita ya rubuta sunan ciwon ƙarara, sai an yi mata tambayoyi a waya, su ne za su zaɓi wanda za ta gani daga cikin mutanensu, kuma zama kaɗan suka yarda su biya, in ana son ƙari sai an aika musu rahoto. Ta uku ita ce mutum ya nemi wanda ransa ya kwanta da shi, ya biya daga aljihunsa, ba ruwan kowa.

Bashir inshora yake so. Hafsatu ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta yarda ba.

"Duk wata ana cirar mini kuɗin nan," ya ce mata a gabana. "Ga magani a hannu, kin ce sai mun sayi wani?"

"Ka san abin da za su rubuta? In aka rubuta, ya zauna. Gobe in na nemi aiki a kantin magani a ce ga abin da ke kaina. Kuma in suka ji abin da nake gani, za su zo su ɗauke Ummi."

"Ba haka ake yi ba, Hafsatu."

"Ka tabbata? Ka rantse?"

Bai rantse ba. Shi ma bai sani ba. Dukanmu mun sha jin labarin ana raba iyaye baƙi da 'ya'yansu a ƙasar, ba wanda ya san gaskiyarsa, amma tsoron na nan.

Ranar Asabar Bashir ya ce in raka shi cefane Rusholme, wata ƙawar Hafsatu ta zo ta zauna da ita. Wannan unguwa ita ce ta fi kama da gida a duk inda na je: titi ɗaya cike da gidajen abinci, mahauta na halal, shagunan gwal, manyan motocin bas na bin juna kamar raƙuma. Ya saya mini shinkafa da naman rago a wani gidan abincin 'yan Pakistan, yajin ya yi daidai amma man ya yi yawa. Shi ko cokali bai ɗaga ba.

"Yaya, akwai abin da ban faɗa mata ba," ya ce. "Ana rage ma'aikata a wurinmu. Yawancin aikinmu na ƙaramar hukuma ne, su kuma an yanke musu kuɗi. In aka sallame ni, inshorar ta tafi. Shi ya sa nake so ta fara yanzu tun tana nan. Ɗan abin da muka tara kuwa na sabunta takardun zama ne. In na taɓa shi, ban san inda za mu kwana ba."

Na dube shi, na ga yaron nan shi ma a bakin rami yake tsaye. Na ce, "Bashir, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma maganin da mara lafiya ya ƙi buɗe baki ya sha, ko kyauta ne bai yi amfani ba. In ta je wurin mutanen inshora za ta yi musu abin da ta yi wa GP."



Ƙawar nan da ta zauna da Hafsatu, Zainab, ita ce ta kawo sunan wata mata a Birmingham, Musulma, wadda ta ƙware a kan damuwar masu jego. Akwai irinta a Manchester, amma Hafsatu ta ce a'a. Hausawan garin ba su da yawa, kowa ya san kowa, likitoci ne da matan likitoci da ɗalibai. Yau a gan ka kana shiga wata ƙofa, gobe labari ya isa Kano. Gara nesa.

Hafsatu ta ciro awarwaron gwal ɗinta na lefe ta ce mu sayar mu biya matar ba tare da Bashir ya sani ba. Na ce sayarwa dai hakkinta ne, amma ban zo ƙasar nan don in taya ta ɓoye wa mijinta abu ba. Da ya dawo na faɗa masa a gabanta. Ya kalli awarwaron a kan tebur ya daɗe, na san abin ya soke shi, don shi ya saya. Ya ce, "Allah ya sa a dace," ya shige ɗaki. Kwanakin da suka biyo baya gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ranar tafiya Bashir bai samu izini daga wurin aiki ba, ko kuma bai nema ba, ban sani ba. Muka fita mu uku, Ummi a keken jarirai. Na so in goya ta, Hafsatu ta ce a can in aka ga jariri a baya da zane sai an yi ta kallonmu, ita kuwa ba ta son ido. Muka hau ƙaramin jirgin cikin gari zuwa babbar tasha, daga nan muka shiga jirgin ƙasa. Jirgin ya cika. Wani mutum na zaune a kujerarmu, na tsaya a kansa ina jiran ya ga mace da jariri ya tashi, shi kuwa ya kafa ido a jarida. Sai da Hafsatu ta nuna masa tikiti ya tashi yana ba da haƙuri kamar bai gan mu ba tun farko. Mutanen can akwai ban haƙuri a baki.

Muka kama hanya. Hannun Hafsatu na cikin nawa, sanyi ƙalau. Ni ban ga komai na hanyar ba, in ban da tumaki da jajayen gidaje.

Tashar Birmingham a ƙarƙashin ƙasa jirgi ke tsayawa, wurin duhu-duhu, ga ƙara, ga hayaƙi, kuma ana gyaran tashar, ko'ina an kafe allunan katako. Muka sauko, mutane na ture mu. Jakata ta maƙale a ƙofar jirgi, ba tare da tunani ba na ce, "Riƙe keken," na juya. Ban fi ƙiftawar ido ba. Da na waiwayo, ga keken a tsaye an taka masa birki, Ummi na barci a ciki, Hafsatu babu ita.

Na kira sunanta. Na sake kira da ƙarfi har mutane suka juyo. Wani jirgi na shigowa ta ɗaya gefen, ƙasa na girgiza. Abin da ya zo mini a rai ba zan iya rubuta shi ba. Na tura keken zuwa bakin dandamalin na leƙa ƙasa. Ba komai sai ƙarfe da tsakuwa.

Na ciro waya, babu sabis a ƙarƙashin ƙasar. Na cire Ummi daga keken, na kwance mayafina na goya ta, wanda zai kalla ya kalla. Na bar keken a nan na hau matakala. A sama hanyoyi sun rarrabu, kowace da kibiya, kowace na kai wa wata ƙofa dabam. Na bi ɗaya na ɓulla wani titi, na dawo. Na bi wata na tsinci kaina a cikin kantuna. Ina tafe ina Innalillahi, ina tunanin abin da zan faɗa wa Bashir, ni da na goyi bayan tafiyar nan.

Na ga 'yan sanda biyu a tsaye. Na nufe su, sai na tsaya. In na ce ƙanwata ta ɓace, za su tambayi dalili. In na faɗi dalili, abin da take gudu ya same ta ta bakina. In kuma na yi shiru wani abu ya faru da ita fa? Na yanke shawara zan duba banɗakin mata, in ba ta nan, zan faɗa musu komai, ta daɗe ba ta yafe mini ba.

Tana can. Tana tsugune a lungu kusa da wurin wanke hannu, ta rufe fuska da hijabi. Na tsuguna a gabanta da goyo a bayana.

"Kin ba ni keken a bakin jirgi, Yaya," ta ce. "Na ga na tura shi. Na ji a hannuna. Sai na taka birki na gudu."

Na ce, "Kin taka birki."

"Na taka."

"To tashi mu je. Matar nan na jiranmu."

Keken kuwa, da muka koma, ma'aikatan tasha sun kewaye shi, an kusa tayar da hankalin tasha gaba ɗaya saboda a can kayan da ba mai shi ana tsoron ko bam ne. Na sha faɗa da Turancin da rabinsa kawai na gane. Na yi ta ba da haƙuri irin nasu har suka sake mana shi.

Mun makara sosai. Ofishin matar ɗaki ne a saman wani kantin gilashin ido, kujeru biyu da tukunyar fure. Sunanta Nasrin, haifaffiyar garin ce, iyayenta daga Pakistan, za ta yi sa'ata. Ta ce lokacin da ya wuce ya wuce, ba za ta iya ƙara mana ba saboda akwai mai zuwa bayanmu, kuma kuɗin zama cikakke ne. Raina ya sosu. A gida ko wurin boka ka je daga wani gari ai za a duba wahalarka. Amma abin da ta faɗa bayan nan ya fi wannan nauyi. Ta ce kafin a fara, tana so Hafsatu ta sani: duk abin da aka faɗa a ɗakin nan sirri ne, ba kamfanin da zai gani, ba wurin aikin da zai ji. Sai dai in ta ga ran Hafsatu ko na jaririyar na cikin haɗari, dole ta sanar da likita, ko an biya ta ko ba a biya ba.

Hafsatu ta miƙe tsaye. Ta dube ni ta ce da Hausa, "Kin ji ko? Duk ɗaya ne. Mun sayar da gwal a banza."

Na ce, "Wadda ta faɗa miki wannan tun kafin ki buɗe baki ba macuciya ba ce. Ni dai ina waje. In kin fito yanzu mu tafi, ba zan ce miki komai ba."

Na fita da Ummi na zauna a kan matakala. Ina jiran ƙofa ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Ummi ta farka, na ba ta madarar da aka tatsa, na yi ta jijjiga ta ina kallon ƙofar nan har lokacin ya cika.

Da ta fito idanunta sun kumbura. Muka koma tasha, muka zauna a jirgin komawa.

"Na faɗa mata duka," ta ce. "Har na yau."

"Me ta ce?"

"Ba ta ko firgita ba, Yaya. Ta ce ciwo ne sananne, yana kama masu jego da yawa, ta ga irina ba adadi. Ta tambaye ni ko ina son in aikata abin da nake gani. Na ce gara in mutu. Ta ce to wannan tsoron shi ne ciwon, hoton na zuwa ne a kan abin da na fi so a duniya." Ta ƙara da cewa, "Wai masu irin wannan ciwon ba sa aikatawa, kuma ba a ƙwace yaro don wannan."

Daga nan duk mako muna kan hanyar Birmingham. Na san tashar nan har ina nuna wa wasu hanya. Sauƙin bai zo a miƙe ba, wani makon ta dawo da fara'a, wani makon ta kwana biyu ba ta fita daga ɗaki ba. Matar na ba ta aikin gida: yau ta riƙe Ummi a tsaye ina kusa, gobe ta yanka albasa ina ɗakin. Kuma ba ta taɓa ce mata ta bar addu'a ba, cewa ta yi a haɗa.

Bayan wasu makonni Nasrin ta ce tana ganin Hafsatu na buƙatar magani na sha tare da zaman, ita kuwa ba ta rubuta magani, kuma ta san kuɗin ba za su ɗore ba. Ta nemi izinin yi wa GP bayani. Hafsatu, wadda ta sayar da gwal don kada a rubuta komai, ta ce a rubuta. Da likitan ya ji ainihin abin, sai ga shi an mayar da ita wani sashe na masu jego da layinsa bai kai wancan tsawo ba. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo gida. Ranar ban san sau nawa na share ɗakin ba, na sa wa Ummi rigarta mafi kyau, ina tsoron kada a tafi da ita. Matar ta sha shayi, ta auna Ummi, ta yi hira da Hafsatu, ta ce za ta dawo mako mai zuwa. Ta tafi ita kaɗai.

Ana tambayata wa ya fi gaskiya tsakanin Bashir da Hafsatu. Ban sani ba. Kuɗin gwal sun ƙare, kuma a ƙarshe an rubuta abin da take gudu, rubutun bai kuma hana ta komai ba. Amma ban ga yadda za ta buɗe baki ga muryar da ba ta sani ba a waya, tana sane da cewa rahoto zai bi. Abin da kuɗin suka saya mata shi ne ta faɗa da bakinta, a ranar da ta shirya, ga wadda ta zaɓa.

Bashir kuwa an ba shi takardar sallama ina can. Sai a lokacin ya faɗa wa matarsa, ita ce ma ta riƙa ba shi baki. Kafin wa'adin aikinsa ya cika, inshorar na nan da rai, Hafsatu ta sa shi gaba sai da ya yi amfani da ita don kansa. A mota yake zama ya yi zaman ta waya, wai kada in ji. Ya sami wani aikin bayan na dawo, albashin bai kai na da ba, amma suna nan.

Na koma makaranta da tsarabar cakulan da turare. Na ɗan gutsura wa malamai mata labarin bayan Hafsatu ta ba ni izini, aka yi ta salati, wata ta ce ai Turawa komai sai sun mai da shi ciwo. Da aka tashi, ina haɗa littattafaina, sai wata ƙaramar malama mai suna Sadiya ta dawo ɗakin malamai kamar ta yi mantuwa. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba. Ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta.

"Malama, matar nan ta Birmingham," ta ce. "Da gaske ta ce ba a aikatawa?"

Na ajiye littattafan. Na dube ta da kyau, na ga idon da na sani, irin na Hafsatu. A nan ba mu da inshora, ba mu da Nasrin, kuma in na ce ta je asibitin ƙwaƙwalwa, kafin ta dawo an gama da sunanta a dangin miji. Na tura ƙofar ɗakin na rufe, na ciro waya na kira Hafsatu. Da ta ɗauka na ce, "Ga wata ƙanwarki nan, ki faɗa mata abin da aka faɗa miki. Gobe ni zan raka ta wurin likita."

Na miƙa wa Sadiya wayar, na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofa ta waje, don kada kowa ya shigo.